Awo Shi Ne Sirri: Daga Gahawar Italiya zuwa Teburin Mai Shayi

Matasanmu da ke barin Nalerigu, Yendi ko Bawku zuwa Tamale da Kumasi sukan dawo da sababbin sunaye a baki: kafucino, latte, makiyato. Wasu kuwa sukan tsaya gaban allon farashi su yi shiru, don gudun kada a ce musu 'yan ƙauye. To, 'yan uwa, abin bai kai na jin kunya ba. Duk waɗannan sunaye uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya: gahawa da madara.

Tushensu shi ne esfureso, ƙirƙirar mutanen Italiya. Ana niƙa 'ya'yan gahawa su yi laushi, sai na'ura ta tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin. Cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 za a samu kimanin mililita 30, baƙi wuluk, mai ɗaci, da 'yar kumfa a kai. Daga nan sauran aikin na madara ne, wadda ake hura wa tururi har ta yi zafi ta kumfo.

Idan aka ɗiga kumfa kaɗan a kai, an sami makiyato, ma'anarsa “mai tabo”. Idan aka daidaita gahawa da madara, shi ne kortado na mutanen Sifaniya. Kafucino kashi uku ne kusan daidai wa daida: gahawa, madara da kumfa mai kauri, ya samo sunansa daga launin rigar wasu limaman Katolika. Latte kuwa, da harshen Italiya “madara” ke nan, domin ita ce ta rinjaya, kumfar kuma siririya ce. In an ƙara cakulan ya zama moka, sunan wata tashar jiragen ruwa ta Yaman wadda ta shahara da fataucin gahawa.

Mu da muka tashi a zango, wannan ilimi ba baƙonmu ba ne. Mu dubi mai shayinmu bayan sallar asuba. Ya san wanda ke son Lipton mai ƙarfi da ɗigon Ideal, ya san mai son Milo mai kauri, ya san direban da sai Nescafé ke buɗe masa ido. Sa'ad da ya ɗaga kofi sama yana juye shayi cikin wani, iska yake sa masa don ya huce ya yi kumfa. Abin da na'ura ke yi da tururi, shi da hannu yake yinsa.

Ko sinadarin da ke kore barci a gahawa ma mun daɗe da saninsa, domin yana cikin goro. Goron ne ya jawo kakanninmu daga Kano da Katsina zuwa kasuwar Salaga, kafin yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa fatake zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne yadda muke girmama mai haɗa gahawa a birni, muna raina mai shayin unguwa, alhali teburinsa na ciyar da iyali, yana biyan kuɗin makaranta, kuma nan baƙo ke fara tambayar masauki. Yaron da ya koyi awo a wannan tebur ya riga ya riƙe rabin sana'ar. Saura ya koyi na'ura. Mu ƙarfafa masa gwiwa ya koya, ya kuma riƙa faɗin inda ya fara ba tare da sunkuyar da kai ba.