Na Bi Sawun Zare Zuwa Kura

Daga Kano muka kama hanyar Zariya da sanyin safiya, muka sauka Kura, garin da turkuɗinsa ya yi suna har wajen Buzayen Agadas. Amma ba turkuɗi ya kai ni ba. Tufar talaka nake nema: farin saƙi, gwadon sanyi, majanyin goyo, irin kayan da kakanninmu ke saye a kasuwar ƙauye ran da take ci.

A wani ƙauye da ke kusa na iske dattijo a inuwa, ƙafafunsa na taka masaƙa, ƙoshiya na kai da komo, kunkuru na matsowa a hankali daga can nesa. Ƙwaryar da yake saƙawa faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Sai an haɗa da yawa an ɗinke kafin a sami zane. Ya ce zaren kanti yake amfani da shi, don matan da suka iya kaɗi sun ƙare a unguwarsu.

Nan ne tushen abin. A da, mace ce ke gurza auduga, ta shiɓe, ta kaɗa a mazari, ta aika yarinya kasuwa da zare da abawa. Kuɗin nata ne, ba na miji ba. Masaƙi, wanda manomi ne da damina, ya saya da rani ya saƙa. Dillali ya sayar ya ci la'ada, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya fito da sheƙi. Da kuɗin wuri ake cinikin a lokacin, kuma a gidaje nawa wurin ke kwana kafin riga ta hau wuya!

Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa a kan wuri miliyan 300 a shekara. Kayan fatake kawai ya ƙirga. Abin da ƙauyawa ke saya wa jikinsu bai shiga lissafin ba, kuma ni a ganina shi ne ya riƙe sana'ar. Ko da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka zo neman auduga, masaƙan gida sun riƙa taya ta sama da farashinsu.

Da la'asar na zaga kasuwa. Atamfa da shadda da gwanjo sun cika rumfuna. Gwado kuwa sai can gefe, wajen wata tsohuwa, kuma masu haɗa kayan aure ne kawai ke tsayawa su taya.