Kumburi Ba Ƙiba Ba Ne

Yau mu ɗan jingine labarin soyayya mu leƙa gona. Baƙin mai ba ya ƙaruwa da kansa a cikin inji, sai dai ya ragu. Duk ranar da ka zaro gejin tarakta ka ga mai ya haura alamar cika alhali ba ka ƙara ba, to kada ka yi murna, wani abu ne ke tsiyaya ciki.

Tarakta ɗaya gare mu, Massey Ferguson 135, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, mai injin Perkins silinda 3. Gadon mahaifinmu ce, da kuɗin hayarta ake cefane a biya wa yara makaranta. Ana dab da fara huɗa Yaya ya ga mai ya hau. Da ruwa ne ya shiga, da man ya yi fari-fari. Wannan kuwa ya tsinke, yana warin gas, wato dizal. Ya ɗiga shi a farar takarda, sai wani zobe mai haske ya bazu kewaye da baƙin ɗigon.

Bakanike ya ce ƙofa uku ce, kuma daga mai araha ake farawa. Ta farko ƙaramin famfon da ke jawo gas daga tanki: idan robar cikinsa ta yage, gas na gangarawa kai tsaye cikin baƙin mai. Ta biyu sil ɗin famfon injekta, wanda in ya ci sai gas ya bi ta wajen giyoyin gaban inji. Ta uku nozul mai ɗiga, gas ɗin da bai ƙone ba ya sulale ta gefen ringi, wannan kan zo da hayaƙi da gargadar inji.

Tamu ta farko ce, Alhamdulillahi. Aka canza famfo, aka juye gurɓataccen man, aka sa sabo da sabuwar filta.

Da an ci gaba da aiki a haka, tsinkakken mai ba ya kare ƙarfe daga ƙarfe, mital zai cinye, inji ya buga a tsakiyar damina, lokacin da manomi ba ya jiran kowa. Don Allah mai tsohuwar tarakta, kowace safiya kafin ka tayar, zaro geji ka duba, ka kuma sansana.