Idan Yaro Ya Fara Jin Muryoyi

Iyaye, ga magana daga tsohon da ya ci shekarunsa yana jinyar masu taɓin hankali.

Cutar da likitoci ke kira sikizofiriniya ba ta cika shigowa da hayaniya ba. Saurayi ne yana tashen samartaka ko ya ɗan haura 20 (mata sukan ɗan jinkirta), sai ya daina zuwa majalisa, ya bar wanka, karatu ya taɓarɓare. A ce girman kai ne. Can sai ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji, suna zaginsa ko ba shi umarni, ya ƙi tuwon mahaifiyarsa wai an zuba guba. Nan gida ke cewa jifa ne, ido ya koma kan kishiya.

Kada ku ɗauki alhakin baiwar Allah. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kama mutum 1 cikin 300, har a ƙasashen da ba a auren mace biyu. Akwai gado: idan uwa ko uba na da ita, kusan ɗa 1 cikin 10 kan same ta. Wahalar haihuwa na ƙara haɗarin, haka tabar wiwi da aka fara tun ƙuruciya.

Babu gwajin jini ko hoton da ke nuna ta. Likita sauraro yake yi, ya ji daga yaron, ya ji daga gare ku, ya tabbatar ba farfaɗiya ko ƙwaya ce ta rikita shi ba. Saboda haka kada ku ɓoye kawun nan da aka taɓa sa wa turu. Asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano duk aikinsu ke nan.

Magani kuwa akwai shi tun 1952, da aka fara amfani da kulofuromazin a Faransa, wasu kuma sun biyo baya. Amma ga inda na ga gidaje suna faɗuwa: yaro ya samu sauƙi, ya koma kasuwa, sai a ce ai ya warke, a jefar da magani. Kafin a ankara ciwo ya dawo, sau da yawa ya fi na da tsanani. Gaskiya maganin yana da nasa, yana sa barci, ƙiba, sanƙarewar jiki ko rawar hannu. Ku koma ku gaya wa likita ya rage ko ya canza. Wanda ke gudun haɗiyar ƙwaya, akwai allurar da ake yi duk wata.

Addu'a ba ta hana magani, ku yi ta yi. Duka da mari ne ban taɓa ganin sun kori murya ɗaya ba. Tun 1954 Farfesa Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa maras lafiya kan murmure yana zaune cikin mutane tare da ɗan'uwansa. Ku ci abinci da shi, ku ba shi ɗan aikin da zai iya, kuma a sami mutum ɗaya a gidan da zai riƙe ranar komawa asibiti.