Littafin da Anko Ya Kusa Cinyewa



Mu biyar ne a ƙungiyarmu ta marubuta muka yi alƙawarin haɗa gajerun labaranmu a littafi guda. Mai ɗab'i ya yi mana lissafin kwafi 300 a kan naira 300,000, muka raba, kowa zai kawo 60,000 cikin wata huɗu. Har sunan littafin mun zaɓa, mun yi musu a kan launin bango kamar kuɗin na hannu.

Ranar da wa'adi ya cika, abin da muka tara duka naira 68,000 ne. Kowa ya zo da uzurinsa, uzurin kuma ɗaya ne: tsadar rayuwa. Ba ƙarya muka yi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin Adaidaita Sahu ya tashi bai sake sauka ba, a farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin sadarwa su yi ƙarin kashi 50 cikin 100. Cikinmu babu mai albashin kirki. Akwai mai koyarwa a makarantar kuɗi, akwai mai ɗinki, akwai mai tsaron shago, takardun diflomarmu suna kwance a ƙasan akwati.

Sai babbar cikinmu, wadda muke kira Anti, ta ce: "Ƙannena, kowa ya sayi ɗan littafin rubutu, ya rubuta duk abin da ya kashe na wata guda, ko ruwan leda ne." Muka yi dariya. Ashe rubuta "awara, 300" ya fi rubuta babi guda wuya, domin a babi kai ke juya taurarinka, a nan kuwa kai ne ake tona wa asiri.

Da wata ya ƙare muka baje littattafan a kan tabarma. Data ce ta fara ba mu kunya. Mun saba cewa bincike muke yi da ita, amma lissafi ya nuna TikTok da fina-finai masu dogon zango ne suka sha mafi yawanta. Sai cire kuɗi a POS kaɗan-kaɗan, kowace cirewa da ladanta. Sai littattafan da muke biya a saka mu a zaurukan WhatsApp mu karanta, waɗanda da yawansu ko shafi na biyar ba mu kai ba.

Amma babban rami anko ne. A wata ɗaya wata cikinmu ta yi biki biyu: kuɗin atamfa, kuɗin ɗinki, kwalliya, liƙi, ga gudummawa. Da ta haɗa, sai ga shi ya zarce kason da aka ce ta kawo na littafi. Mazan ma ba su tsira ba, shadda da hula iri ɗaya ta abokan ango ba ta sauƙi. Kuma nan ne gyara ya fi ciwo, domin rage data tsakaninka da wayarka ne, ƙin yin anko kuwa tsakaninka da mutane ne. Da ta gwada zuwa wani biki da tsohon leshinta, ta kai gudummawarta a hannu, an ɗauki hoton ƙawaye ba a kira ta ba. Wata har ta ce mata, "Ke kuma yanzu kin fi ƙarfinmu ko?" Ta dawo ranta a ɓace, mu ma ba mu da abin ce mata sai haƙuri. Har yau muna ganin zumunci a ƙafa yake, ba a yadi ba, amma wanda bai taɓa tsayawa gefe ana hoto ba zai ɗauka abin mai sauƙi ne.

Akwai abin da muka yarda ba za mu taɓa ba: na iyaye, na duba marar lafiya, da sadaka. Sauran muka bi da almakashi. Muka koma zubi irin na adashe, naira 3,000 kowace Juma'a a hannun Anti, a ba ta tun kuɗin bai kwana a aljihu ba. Wanda ya jira ragowa ba ya ganin ragowa, mun gwada wata huɗu mun gani.

A mako na 14 mahaifiyar ɗaya daga cikinmu ta kwanta asibiti, ya karɓi 40,000 daga cikin nasa. Ba wanda ya ce uffan. Shi da kansa ya ce da a bara ne, da bashi zai fita nema.

Da muka koma wurin mai ɗab'i, takarda ta ƙara kuɗi, lissafin farko ya rushe. Mun daidaita a kan kwafi 200, naira 270,000. Yanzu 238,000 ke hannun Anti, saura zubin mako uku. Ga kuma katin biki ya iso jiya, na ƙanwar ɗaya daga cikinmu, ankon naira 18,000, kuma har yanzu ba mu yanke yadda za mu yi da shi ba.