Yaron Da Ba Ya Damun Kowa

Yanzu kowa ya samu abin ɗora wa laifi. Yaro ya kasa karatu, a ce waya ce. Ya manta aika, a ce waya ce. To mu da muka riƙe alli tun lokacin da shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, ya cika azuzuwa a 1976, mun ga irin waɗannan yara a ƙauyukan da ko rediyo sai a gidan dagaci. A lokacin wace wayar za a zarga?

Mai ƙiriniya ba ya ɓuya. Yana hawa benci, yana katse wa malami magana, kafin mako ya ƙare hedimasta ya san sunan ubansa. Wanda ake asararsa shi ne mai shiru. Wannan darasin na fi daɗewa ina tauna shi: yaron da ba ya damun kowa, shi ne ba a tambayar lafiyarsa.

Akwai wata yarinya a aji uku. In aka cika allo da rubutu, sai ta kwafi layin farko da hannu mai kyau, daga nan fensir ya tsaya, ido na kan taga. Sai an yi ta kiran sunanta kafin ta yi firgigit. Amma in ka zaunar da ita ka tambaye ta baki da baki, amsa daidai take bayarwa. A gida uwarta ta aike ta gishiri da daddawa da kananzir, ta dawo da gishiri kaɗai, canjin ma ta baro wurin mai tebur. Makaranta ta ce daƙiƙiya ce, gida aka ce sakarci ne, kakarta ta ce iska ce, aka yi ta turare. Ba ta gama firamare ba aka cire ta.

Ashe likitoci sun daɗe da sanin abin. Tun a 1798 wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya yi bayanin mutanen da ba sa iya tsayar da hankali kan abu ɗaya. A 1980 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya ware mai rashin tattara hankali tare da ƙiriniya, da wanda ba ya da ƙiriniyar. Yau duka suna ƙarƙashin sunan ADHD, wadda ke shafar kimanin yara 5 cikin 100 a duniya, kuma tana bin jini. Alamomin mai shirun guda 9 ne, irin su kuskuren ganganci, fara aiki ba a gamawa, yawan ɓatar da kaya, mantuwa, da yin kamar ba da shi ake magana ba. Ba a cewa yaro yana da ita sai ya tara 6 daga ciki, sun kai wata 6, sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a gida da makaranta, har suna hana shi ci gaba.

'Yan mata abin ya fi wucewa ba a gane ba. Mu kuwa yarinya in ta yi shiru sai mu ce saliha ce, mai kunya, Allah Ya ba ta miji nagari. Shirun ya yi mana daɗi, shi ya sa ba mu tambaya.

Iyayen yanzu kuma sun zarce. Uwa ta kalli bidiyo a TikTok, ta yanke wa ɗanta ciwo, ta nufi kemis. Haba! A fara duba kunne da ido. A duba yunwa, barci da ƙarancin jini. Akwai ma wata farfaɗiya da yaro ke ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ya faɗi ba. Maganin ADHD kuwa, irin su methylphenidate, likita ne kaɗai ke rubuta shi bayan bincike. Ita wayar da na wanke ɗazu, ku karɓe ta da dare, ba ta jawo larurar amma tana cinye barci. Ni ba na cikin masu cewa a bar yaro sakaka ba kwaɓa, sai dai ban taɓa ganin bulala ta warkar da mantuwa ba.

Mai shirun nan, ku dawo da shi bencin gaba, nesa da taga. In za a aike shi, a kira sunansa, a haɗa ido, a ba shi aika ɗaya, ya maimaita. A yanka masa aiki guntu-guntu, in ya gama a yaba masa.

Malamai 'ya'yana, gobe in kun shiga aji ku bar masu surutu tukuna. Ku buɗe littafin wanda bai taɓa ba ku wahala ba, ku ga inda rubutunsa ya tsaya, sannan ku kira iyayensa.