Kira goma na yabo, ɗaya na zagi

Yau ba labarin kasuwa ko na gona na kawo muku ba, nawa ne na kaina.

Bara waccan, ina karanta sanarwar rasuwa a rediyo, sai na kuskure sunan ƙauyen mamacin. Nan take na gyara, na ba da haƙuri. Bayan shirin mutane kamar goma suka kira suna yabo, ɗaya ya turo saƙo ya ce ban iya aikina ba. Wallahi goman nan ko muryarsu ban riƙe ba. Saƙon guda kuwa na haddace shi kamar karatun allo, da shi nike kwana, da shi nike tashi.

Daga nan abu ya yi ta girma. Wanda bai amsa sallamata ba a kasuwa, in ce ya raina ni. Shugabanmu ya yaba mini, in ce tausayina yake ji. In na waiwayi rayuwata, ba na ganin komi sai jarabawar da na faɗi a lise da bashin da ban biya ba. Barci ya ƙaurace mini, tun ƙarfe 3 na dare idona biyu. Hura ma ba ta shiga. Har takardar barin aiki na rubuta, na sa aljihu.

Wata safiya Inna ta dube ni ta ce: “Kai, ɗan nan, mi ke cin ka? Jikinka na nan, amma kai ba ka nan.” Ita ta matsa sai da na je asibiti. Likita ya saurare ni, ya ce wannan ciwon damuwa ne, ciwo kamar kowane, kuma ana warkewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bayanin yadda ciwon ke taɓa tunani. Wani likitan Amurka, Aaron Beck, tun shekarun 1960 ya lura masu wannan ciwo suna kallon abu uku da baƙin ido: kansu, duniyar da suke ciki, da gobensu. Ƙwaƙwalwa takan zama kamar rariyar da ta juye aiki, ta zubar da gari ta riƙe tsaki. Abin kirki in ya same ka, ka ce sa'a ce. Mugun abu in ya zo, ka ce halinka ne, haka kake, haka za ka ƙare. Kuma in rai ya ɓaci, abubuwan baƙin ciki ne ke saurin zuwa a tuna, su ƙara ɓata ran, a yi ta zagaye wuri ɗaya.

Na san ba ni kaɗai ba ne. Akwai manomin albasa a fadamar Tarka da farashi ya karye masa, maimakon ya ce kasuwa ta faɗi, sai ya ce shi ne marar amfani. Akwai saurayin da ya dawo daga Libiya ko Abijan hannu wofi, ya shige ɗaki wata da watanni, yana ganin duk gari shi ake yi wa dariya. Akwai mai jego da ke ganin ba ta cancanci jaririnta ba. Mu kuma sai mu ce musu ragwaye, ko marasa tawakkali, ko mu ce iska ce. Maganar nan tamu takan faɗa daidai inda ciwon yake, don shi ma abin da yake faɗa wa kansa ke nan dare da rana. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta taɓa ƙiyasta masu wannan ciwo da kimanin mutum miliyan 280, kuma ya fi yawa ga mata.

Ni dai abin da ya taimake ni, bayan addu'a da bin shawarar likita, wani ƙaramin kaye ne. Duk sadda tunani ya ce “ba ka iya komi ba”, in rubuta shi, ƙarƙashinsa in tambayi kaina: ina shaida? In abokina ne ya yi kuskuren nan, haka zan ce masa? Sannu a hankali na gane ashe tunani na iya yi mini ƙarya da muryata. Takardar barin aikin har yau tana cikin kayen, ban miƙa ta ba.

'Yan uwa, in baƙin ciki da rashin sha'awar komi suka kai sati 2 kusan kullum, ga rashin barci ko rashin cin abinci, a je CSI mafi kusa ko asibitin gunduma a yi bayani. In kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ranar nan. Wanda ke da irin wannan a gida, ya zauna kusa da shi, ya saurare shi, ya riƙa tuna masa alherin da ya yi, don shi yanzu ba ya iya tunawa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Amin.