Hanyar Gishiri a Mota Mai Ruwa Biyu

Daren da na sauka Nagoya, ina fitowa daga tashar jirgin ƙasa na nufi layin tasi, kafin in kai hannu ƙofa ta zuge da kanta. Direban dattijo ne, kansa fari fat, safar hannunsa ma fara. Motar kuwa launin shuni ce mai duhu, sak turkuɗin da bai taɓa ganin wanki ba. Irin tasin nan Toyota ta fito da ita a 2017, gas take sha, ga kuma batir na taya injin aiki. Muka tashi ban ji an tayar da mota ba. A danjar farko ta yi tsit, na ce a raina to shi ke nan, ta mutu, sai turi. Da aka ba mu hannu sai ta sulale kamar kwalekwale a ruwan rani. Na leƙa fuskar dattijon, ko gezau.

Mai masaukina ƙanen wani aminina ne da muka taso tare a Zariya. Karatu ya kai shi Japan, aiki ya riƙe shi. Yana da wata Prius da ya saya hannu na biyu, irin motar da makanikan gida ke kira haibirid, ni kuma na laƙaba mata mai ruwa biyu, tunda uwa fetur ce uba lantarki.

Washegari ya kai ni gidan tarihin masana'antu na Toyota da ke cikin birnin, wanda aka buɗe a 1994 a tsohon ginin jan bulo na masaƙar gidan Toyoda. Wanda ya je kallon mota sai ya fara cin karo da auduga, domin ɓangaren farko duk kaɗi ne da saƙa. A nan na daɗe tsaye gaban injin saƙar da Sakichi Toyoda ya kammala a 1924. Ana kunna shi, ƙoshiya na kai da kawo har ido bai iya binta, amma da zare ɗaya ya tsinke sai injin ya tsaya cak. Ba ya yarda ya ci gaba da saƙa ƙyalle mai aibi. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi haƙƙin ƙirar a kan fam 100,000, Kiichiro ɗan Sakichi kuma ya karkata akalar gidan zuwa mota, har aka kafa kamfanin motocin a 1937. Ina tsaye wurin na tuna tsit ɗin tasin daren jiya, na ce ashe gado ne. Kakan ba ya ɓarnar zare, jikan ba ya ƙona mai a tsaye.

Prius ta shiga kasuwa a Disambar 1997, a daidai watan da ƙasashen duniya ke zaune a Kyoto kan batun ɗumamar yanayi. Takeshi Uchiyamada ne ya ja ragamar injiniyoyin da suka ƙera ta. A gwajin da Japan ke yi a lokacin, lita ɗaya ta kai ta kilomita 28, kusan ninkin abin da mota mai girmanta ke yi. Ba banza ba aka haife ta a wannan ƙasa. Japan ba ta da man a zo a gani a ƙarƙashin ƙasarta, kusan duk ɗanyen man da take sha a jirgin ruwa yake zuwa, galibinsa daga Gabas ta Tsakiya. Tsofaffinsu ba su manta 1973 ba, shekarar da Larabawa suka tsuke bakin famfo, farashi ya yi tashin gwauron zabi, jama'a suka dinga wawar kaya a kantuna har da takardar bayan gida. Suna da wata kalma, mottainai, wadda ta faɗo tsakanin kaico da asara da almubazzaranci. Ita ake faɗa wa yaro in ya bar ƙwayar shinkafa a kwano. Marigayiya Wangari Maathai ta Kenya ta ji ta a ziyararta ta 2005, ta burge ta, ta ɗauke ta ta yi ta yaɗawa.

Ranar Asabar muka yi sammako bayan sallar asuba, muka kama hanya mai lamba 153 zuwa Asuke, wani tsohon gari a cikin duwatsun gabashin Nagoya. Watan Nuwamba ne, sanyi na ratsa riga. Na zaci zai bar mota ta yi ɗumi kamar yadda muke yi a gida, ana ta ba ta wuta ana cika unguwa da hayaƙi. Ina! Yana dannawa muka tafi. Sai dai na lura injin bai yi tsit ɗin nan ba, yana ta aiki ko a tsaye.

"Yau fushi take?" na tambaye shi.

"Sanyi take ji, Yaya. Sai injin ya yi zafi take yarda ta kashe shi. Kuma ɗumin da kake so a ƙafarka daga jikinsa ake ɗebowa. In na ƙure hita, ba zai huta ba."

Ya ce a nan mai ke zurarewa ba a sani ba, a gajerun zirga-zirga: ka tayar da mota ka je kanti a bayan layi, ka dawo ta huce, an jima ka sake fita. Kullum injin na cikin neman zafi, bai taɓa kaiwa inda zai nuna bajintarsa ba. Shi ya sa yake tara aike-aikensa su zama fita ɗaya, ya fara da wuri mafi nisa, ya biyo na kusa a hanyar dawowa. Wanda bai kai a tayar da mota ba, keke ya ishe shi.

Gwamnatin Japan tana da shawarwari 10 na tuƙin tsimi, kuma Nuwamba ne watan da aka keɓe don tunatar da direbobi. Ɗaya daga cikinsu a kan tashi take: a taka totur a hankali, a kai gudun kilomita 20 a cikin daƙiƙa 5 na farko, wanda suka ce yana rage shan mai da kimanin kashi 10 cikin 100. Amma ƙanen nawa ya yi mini gyara. Ya ce a mota mai ruwa biyu, a hankali ba ya nufin jan ciki kamar hawainiya. Ka tashi da natsuwa, ka kai gudun da kake so ba tare da ɓata lokaci ba, sannan ka ɗage ƙafa gaba ɗaya don injin ya mutu, ka mayar da ita a sannu kamar mai taka ƙwai. A gaban sitiyari akwai wani ma'auni mai gida uku, na caji da na tsimi da na ƙarfi. Gwanintar ita ce ka ajiye allurar a bakin iyaka, ba caji ba ja, mota na ta sulalawa da ƙarfin da ta riga ta tara. Na zuba wa ƙafarsa ido. Motsinta bai fi na ɗan yatsan mai jan carbi ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne birki. A motar da muka saba, duk gudun da ka saya da fetur, da ka taka birki ya zama zafi a taya, iska ta kwashe. Kuɗinka ne ke tashi. A wannan kuwa, in ka taka a sannu, injin lantarkin da ke juya taya shi ne ke rikiɗa ya zama janareto. Tayar ce ke juya shi, shi kuma yana riƙe ta, wutar da ya samar tana komawa batir. Sai dai bakin tulun ƙarami ne. Batir na da iyakar abin da zai iya haɗiya a lokaci guda. In ka zo da gudu ka danne birki a ƙurarren wuri, abin da ya fi ƙarfin batir sai birkin gargajiya ya karɓa, ya ƙone shi kamar kullum. Don haka wanda ke son amfanin motar dole ya zama mai hangen nesa. Ƙanen nawa tun daga nesa yake karanta danja. Ya kan duba fitilar masu tafiya a ƙasa, in ta fara ƙyaftawa ya san tamu ta kusa juyawa, sai ya saki totur. Sau da yawa kafin mu iso an sake ba da hannu, mu wuce ba mu tsaya ba.

Na ce masa wannan a nan kawai zai yiwu. A Kano ka bar tazarar mota biyu a gabanka, kafin ƙiftawar ido Adaidaita Sahu uku sun cusa kai, na bayanka kuma ya kwanta a kan oda. Ya yi dariya har da buga sitiyari. Gaskiya ce kuwa, rabin tsimin nan na titin ne da mutanen da ke kansa. Tun daga Nagoya har muka ratsa birnin Toyota, wanda sunansa Koromo ne kafin a sauya masa a 1959, ban ji oda ko sau ɗaya ba. Wanda ka ba wa hanya sai ya ƙyafta maka fitilun baya sau biyu, godiyarsa ke nan. Inda ba a tsoron wani zai yanko maka, ƙafa ba ta da dalilin yin tsalle tsakanin totur da birki.

Dab da Asuke muka faɗa cunkoso, don duk mai mota a yankin ya fito kallon ganye. A nan motar ta nuna asalinta. Muna matsawa taku-taku, injin a kashe, sai can ya farka ya ɗan cika batir ya koma barci. Na hango wani maɓalli mai alamar EV na ce me zai hana mu danna mu tafi a lantarki zalla. Ya ce bashi ne, Yaya. Wutar da ke cikin batir ɗin nan ba daga soket ta zo ba, daga fetur da birki ta zo. In ka tatse ta da gangan, injin ne zai biya, har da riba. Maɓallin na shiga unguwa ne da dare kada a tashi maƙwabta.

Kwarin Korankei ya cancanci wahalar. Dubban bishiyoyi ne a gaɓar kogin Tomoe, ganyensu ya rine ja da rawaya da ruwan goro, kamar an shanya atamfofin gari guda a jikin dutse. Wani malamin wurin ibadar Kojakuji ne ya fara dasa su a 1634, na baya suka yi ta ƙarawa. Akwai wata jar gada da kowa ke son hoto a kanta. Amma ni tsohon garin ya fi kama mini hankali, da gidajensa masu farin bango da rumbunan 'yan kasuwa. A da Asuke zango ne. Daga bakin teku ake kawo gishiri, a sake ɗaure shi a nan, a ɗora wa dawaki su haura da shi cikin duwatsu zuwa ƙasar da yau ake kira Nagano, inda babu teku. Duk wanda ya san ayarin Bilma ya san wannan labari. Madugu ba ya sa raƙumi sukuwa a farkon tafiya, ya san ranar da zai isa rijiya ta gaba.

Da la'asar muka gangaro. Na ce masa direbobinmu a irin wannan gangara firi suke sa mota. Ya girgiza kai. A wannan motar, in ka sa giya a N ka yanke hanyar caji, gangarar ta tafi a banza, ga haɗari. A D ake barinta, ƙafa na shafar birki sama-sama, batir na cika. Akwai kuma giyar B, wadda wasu ke zaton ta caji ce su yi ta yawo da ita cikin gari. Ita aikinta ta sa injin ya riƙe mota a doguwar gangara mai tsanani, inda batir zai cika ya ƙi karɓa, kada birki ya yi zafi. A shimfiɗaɗɗen titi asara take jawowa.

Muka biyo babbar hanyar Tomei. A nan fa mai ruwa biyu ba ta da wani asiri, injin ne ke ja ba hutu, abokin gaba kuma iska ce. In ka ninka gudu, turjiyarta sau huɗu take ƙaruwa. Ya kama layin hagu, wanda a can shi ne na marasa gaggawa, ya tsaya ƙasa kaɗan da 100, masu sauri na wuce mu ta dama.

Kafin mu shiga gida ya ratse gidan mai. Ya ce a duba masa iskar taya, abin da yake yi duk wata. A lissafin shawarwarin nan na gwamnati, kayan banza masu nauyin kilo 100 na ƙara shan mai da kusan kashi 3 cikin 100, taya mai ƙarancin iska ma tana cin nata rabon. But ɗinsa babu komai sai dardumar sallah da lema. Na tuna nawa a gida: tsohon batir, jarkoki biyu, buhun gawayin da na manta tun bara. Sannan ya buɗe ƙofar baya ya nuna mini wata 'yar taga mai raga a gefen kujera.

"Ka ga wannan, Yaya? Ta nan batir ke shaƙar iska. In ka koma ka faɗa wa masu irinta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 na ji ana ta sayen su, amma ƙurar hunturunmu ba irin ta nan ba ce. In ta toshe, batir ya yi zafi, mota ta daina yarda da shi, sai ka ga tana shan mai kamar kowace. Kuma kada a jingina mata buhu."

Na rubuta a bayan tikitin jirgina. Yaron gidan man ya goge gilashi, ya kawo canji a ɗan faranti da hannu biyu. Abin da muka sha a yinin bai taka kara ya karya ba, amma bai sa ya rage mana komai ba. Ya riga mu fita bakin titi, ya duba dama da hagu, ya yi mana alamar mu fito, sannan ya cire hula ya rusuna. Na waiwaya ta gilashin baya, har muka sha kwana bai ɗago ba.